Tambayi Tsohon Injiniya: Ɓarɓashi, Farin Ruwa da Iskar da ke Zurarewa

Wasiƙun da suka taru a gabana wannan watan, kamar da haɗin baki, duk wuri guda suka nufa: yaya za a sassaƙa ƙarfe a ƙera kaya ba tare da ɓarnar dukiya da lafiya da ƙasa ba. 'Yan boko suna kiran wannan "sana'a mai ɗorewa". Ni dai shekara talatin da ɗoriya na yi, rabi a tsaye gaban injin sassaƙa, rabi ina kula da gyaran injina, don haka abin da hannuna ya taɓa zan fi daɗewa a kai. Na zaɓi wasiƙu bakwai. Saura su yi haƙuri sai wata mai kamawa.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina da ƙaramar ma'aikata, injin sassaƙa uku, na huji ɗaya, da yara shida. Wani kamfani da muke yi wa aiki ya aiko da takarda yana tambayar me muke yi don kare muhalli. Gaskiya ban san abin da zan rubuta ba. A ganina wannan maganar manyan masana'antu ce masu hayaƙi. Mu ɓarɓashinmu sharewa muke mu tara wuri guda, 'yan gwangwan su zo su kwashe. Da sauran abin da ya rage mana? (Daga wani mai ma'aikata)

AMSA: Alhaji, ajiye takardar tukuna, ɗauko sikeli. Gobe da safe ka auna sandar ƙarfen da za a ɗora wa inji, in an gama ka auna abin da ya fito. In sanda ta yi kilo 10, kaya ya fito kilo 4, to kilo 6 na kuɗinka na nan ƙasa yara suna tattakawa. Ka saye shi da darajar sanda, ka biya wutar da ta yanke shi, ka cinye wuƙa a kansa, sannan ka sayar da shi da darajar shara. A ma'aikata irin taka maganar muhalli daga wannan lissafi take tashi, kuma abin da ya sa ban gajiya da ita shi ne, a nan aljihunka da muhallin hanyarsu ɗaya.

Kada adadin da ka gani ya ba ka kunya. Masu ƙera sassan jirgin sama sukan ɗauki curin alminiyam ko titaniyam su rarake shi har kashi tara cikin goma ya koma ɓarɓashi. Bambancinsu da kai, su sun san nauyin abin da ya zuba, kuma sun san inda zai je.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin ɓarɓashin alminiyam ɗin da yaranka ke sharewa. Kafin a samu tan guda na sabon alminiyam, sai an haƙo tan huɗu zuwa biyar na jar ƙasar da ake kira boksait, a tace ta ta koma tan biyu na farar hoda, sannan a ratsa ta da wutar lantarki a wata hanya da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano, kowa daban, a 1886. Har yau da ita ake aiki, kuma kowane kilo guda yana shan yunit 13 zuwa 15 na lantarki a wannan mataki kaɗai. Amma in tsohon alminiyam za a narka, digiri 660 ya ishe shi, kuma makamashin da ake kashewa bai wuce kashi 5 cikin ɗari na wancan ba. Wato duk kilo guda da ya koma tukunyar narki da tsabtarsa, an huta da kashi 95.

Sai dai akwai sharaɗi, "da tsabtarsa" na ce. Tsibin nan naka guda ɗaya shi ne matsalar. Jan ƙarfe in ya shiga narkakken baƙin ƙarfe ba ya fita, babu wata hanya mai sauƙi ta cire shi, kuma in ya yi yawa sai ƙarfen ya riƙa tsagewa a fuska lokacin da ake murza shi da zafi. Haka burbushin baƙin ƙarfe in ya shiga alminiyam, sai ya sa shi gautsi. Ko a cikin alminiyam ɗin ma dangi-dangi ne: mai lamba 6061 daban, mai lamba 7075 da ke da tutiya da yawa daban, 2024 mai jan ƙarfe daban. In aka gauraya su, mai narkawa ba zai iya mayar da su sanda mai daraja ba, sai dai kayan zubi na ƙasa-ƙasa. Na taɓa tara ɓarɓashin alminiyam na wata uku a wata ma'aikata da na yi aiki, ina ta murna. Mai saye ya zo ya zura mayen ƙarfe cikin buhu na farko, ya fito da shi da gemu baƙi ƙirin. Ashe yaron da ke shara tsintsiya ɗaya yake bi da ita ƙarƙashin dukkan injinan. Kayan gaba ɗaya a matsayin gauraye aka auna su. Tun ranar kowane ƙarfe na ba shi duronsa da launin fentinsa, kuma ba a ɗora sabon aiki sai an kwashe tiren inji tas.

Duron kuma ka huhhuje gindinsa ka ɗora shi kan faranti. Ɓarɓashi yana fitowa jiƙe da mai da ruwan sanyaya, in ya kwana ya tsane sai ka tace abin da ya ɗiga ka mayar tanki. Jiƙaƙƙen ɓarɓashi haɗari ne ga mai narkawa, don ruwa in ya nutse ƙarƙashin narkakken ƙarfe yakan zama tururi nan take ya watsa wuta a fuskar mutane. Manyan ma'aikatu suna da injin matse shi ya zama dunƙule. Kai duro mai huji ya ishe ka a yanzu.

Wanda ya fi duk wannan shi ne ɓarɓashin da ba a yi ba. In aiki mai rami ne a tsakiya, sayi bututu mai kauri, kada ka sayi sanda ka ɓata yini kana huda ta. Sayi kauri mafi kusa da awon da ake so. Guntayen da suka rage a rubuta musu lambarsu da fenti a jera su, don guntun da ba a san irinsa ba ya riga ya zama gwangwan. Kuma ka riƙa ƙirga kayan da aka ɓata aka sake, domin babu asarar da ta kai su: ƙarfe, wuta, wuƙa da lokacin yaro duk sun tafi tare. In ka yi wata guda kana rubuta waɗannan a littafi, takardar kamfanin nan za ta yi maka kaɗan.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina gaisuwa. Maigidana yana aiki da injin sassaƙa. Hannuwansa duk sun faffashe, suna ƙaiƙayi, tufafinsa kuma wari suke kamar ruɓaɓɓen ƙwai, musamman ranar farko bayan hutun mako. Ya ce farin ruwan da ke zuba kan ƙarfe ne, in ya yi wari sosai sai su juye shi a kwata su haɗa sabo. Wannan ruwan ba ya cutarwa kuwa? (Daga matar wani ma'aikaci)

AMSA: 'Yata, hancinki ya gano abin da injiniyoyi ke sayen na'ura su gano. Har a ƙasashen Turawa warin nan sunansa ke nan, warin safiyar Litinin.

Farin ruwan mai ne aka dama da ruwa, yawanci kashi 5 zuwa 10 na mai, saura ruwa. Aikinsa ya sanyaya bakin wuƙa, ya sa santsi, ya kore ɓarɓashi. Amfaninsa ba sabon abu ba ne: tun shekarun 1880 Frederick Taylor ya gwada a wata masana'antar ƙarfe a Filadelfiya, ya ga in ana kwarara ruwa kan wuƙa ana iya ƙara gudun yanka da kashi 30 zuwa 40. Matsalar ita ce, inji yana ɗigar da nasa man, na santsin gado da na haidirolik, cikin tankin. Wannan baƙon mai sai ya taso ya shimfiɗu a sama kamar bargo ya hana iska shiga. Inji na kashe kwana biyu, ruwa a tsaye, sai ƙwayoyin bakteriya masu son wurin da babu iska su hayayyafa, su riƙa fitar da iskar nan mai warin ƙwai. Suna cin man, ruwan yana tsami, kayan aiki su fara tsatsa, fatar mutum kuma ta fara ci.

Ga abin da za ki faɗa masa ya kai wa maigidansu, da ladabi. A riƙa kwashe man da ya taso kullum da safe kafin a tada inji. Akwai ɗan faifai mai juyawa da ake saya don haka, in babu, ko da soso a yi. A riƙa kwashe laka da burbushin da ke kwanciya a gindin tanki, don nan ne gidan ƙwayoyin. Ranar hutu a kunna famfon na ɗan lokaci ruwan ya zagaya ya sha iska. A sayi ɗan madubin nan mai kama da guntun bututu, rifraktomita, ana ɗiga masa ruwan a leƙa a ga ƙarfin haɗin, da takardar gwajin tsami, wadda ya kamata ta nuna tsakanin 8.5 da 9.5. In ta fara gangarowa ƙasa da haka, ƙwayoyi sun fara cin ƙarfin ruwan. Wajen haɗawa, mai ake zubawa cikin ruwa ana motsawa, ba a zuba ruwa cikin mai. Wajen ciko kuma a yi haɗi mai tsarari, saboda ruwa ne ke tashi da zafi, man yana nan. Masu ƙara mai da ka, wai don ya fi kyau, su ne ke ƙona hannun yaransu. Kuma kada a zuba maganin wankin banɗaki ko bilic don kashe wari. Na ga an yi, na ga hannuwan da suka biyo baya.

Tankin da ake yi wa wannan hidima yakan yi watanni masu yawa lafiya lau, maimakon 'yan makonni. Kin ga an rage saye, an rage zubarwa.

Zubarwa a kwata kuwa, wannan ba na sassauta murya a kai. Ruwan ya kwashi mai, da ƙurar ƙarfe, da magungunan kashe ƙwayoyi, wani lokaci har da dalma in an yanka tagulla mai dalma. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa baƙin man da aka juye daga mota ɗaya a sauyi guda yana iya ɓata galan miliyan na ruwan sha. Abin da aka zuba a kwata rijiyar wani zai je. A tara shi a duro mai murfi, a bar shi ya kwanta, a kwashe man sama a haɗa da baƙin mai, sauran a miƙa wa masu izinin karɓar irin wannan shara.

Shi kuma maigidanki, ya je likita ya duba hannun, kada a tsaya shafe-shafe. Ya daina wanke hannu da fetur ko kananzir ko tina, su ne ke kwashe maiƙon fata su bar ta a buɗe. Sabulu mai laushi, ruwa, a goge da tsumma mai tsabta, a shafa mai. Kada ya riƙa cusa tsumma mai maiƙo a aljihun wando, kuma kayan aikinsa a wanke su daban da na yara. Safar hannu ta roba tana da kyau wajen wanke tanki da kwasar kaya, amma kada ya kuskura ya sa ta kusa da abin da ke juyawa. Inji in ya kama safa, da hannun yake tafiya. In kuma yana tari ko numfashinsa na sarƙewa a wurin aiki ya saki ranar hutu, ya faɗa wa likitan, don feshin ruwan nan yana shiga huhu. A wata masana'antar injin mota a Birmingham ta Ingila, tsakanin 2003 da 2004, gomman ma'aikata suka kamu da ciwon huhu ta wannan hanya.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan koyo ne, shekarata biyu. Na gani a intanet ana yanka ƙarfe babu ruwa sam, an ce shi ne na zamani. Na faɗa wa ogana ya yi mini dariya. Wa ke da gaskiya? (Daga wani ɗan koyo)

AMSA: Ɗana, ku raba gaskiyar, amma ka bar masa kaso mafi tsoka. Ƙarfen zubi, wanda muke cewa kas, tun fil azal a bushe ake yanka shi, domin baƙin garin da ke cikinsa shi ne santsinsa, ruwa ma laka kawai yake mayar da ƙurar. Tagulla ma sau da yawa ba ta buƙata. Wuƙaƙen zamani masu rufi suna jure zafi, har ma a aikin da haƙori ke shiga yana fita daga ƙarfe, ruwa kan cutar da su: zafi, sanyi, zafi, sanyi, sai bakin ya tsattsage. Amma je ka huda rami mai zurfi a ƙarfe marar tsatsa ko titaniyam a bushe ka gani. Waɗannan ba sa kai zafi nesa, a bakin wuƙa suke tara shi. Alminiyam kuma manne wa wuƙa yake kamar ƙaro. Aikin dutsen wasa ma sai da ruwa.

Akwai hanya ta tsakiya da na fi so. Ana fesa ɗan mai kaɗan, sau da yawa na tsirrai, cikin iska mai ƙarfi daidai bakin wuƙa. A awa guda bai fi mililita 50 ba, inda famfon farin ruwa ke kwarara lita da yawa a minti ɗaya. Ɓarɓashi ya fito kusan a bushe, babu tanki, babu wari. Kamfanin Ford ya daɗe yana amfani da ita a wasu masana'antunsa. Sai dai ba ta kore ɓarɓashi kamar ruwa, kuma tana son abin zuƙe feshi. Ka roƙi oganka ku gwada a aiki guda mai sauƙi, ku ƙirga kaya nawa wuƙa ta yi kafin ta dushe, a jiƙe da kuma a feshe. Gani ya kori ji. Kuma kada ka ce masa a intanet ka gani.

TAMBAYA: Injiniya, kuɗin wuta na neman karya mu. Abokin kasuwancina ya ce mu rage gudun injina don su rage shan wuta. Daidai ne? (Daga wani manajan ma'aikata)

AMSA: Malam, niyyarsa mai kyau ce, lissafinsa ne ya karkace. Inji mai kwamfuta, da zarar ka kunna shi, famfon haidirolik na aiki, famfon ruwa na aiki, fankoki, fitilu, na'urar sanyaya akwatin wuta, duk suna sha ko ana yanka ko ba a yi. Timothy Gutowski na jami'ar MIT ya wallafa awon da aka yi a wani layin sassaƙa na kamfanin Toyota: wutar da ta tafi ga yankan kansa ba ta kai kashi 15 cikin ɗari ba, sauran duk na 'yan rakiya ne. Ƙananan injinan hannu ba su kai haka ba, amma darasin ɗaya ne. In ka rage gudu, aikin minti goma ya koma sha biyar, ka ƙara wa 'yan rakiya minti biyar na ci. Abin da ke rage wuta shi ne a gama da wuri a kashe. Lokacin hutun rana ka zaga ka saurara: duk injin da ke gunji babu mutum a gabansa, kuɗinka yake ci.

Amma ɓarawon da ya fi kowa, ina kyautata zato, yana can lungu: kwamfuresa, injin matse iska. Iskar matsi ita ce makamashi mafi tsada a ma'aikata, domin daga wutar da kwamfuresa ke sha, kashi 10 zuwa 15 ne kawai ke zama aiki, saura zafi ne. Sannan ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a wuraren da ba a kula, kashi 20 zuwa 30 na iskar ta kafofi take zurarewa. Huji mai faɗin milimita 3 a matsin bar 6 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) yana zubar da wajen lita 10 a daƙiƙa, wato kamar ka kunna kilowat 3 ka tafi ka bar shi. Da yayyafi kogi kan cika.

Gwajin ba ya buƙatar ko sisi. In an tashi aiki, wuri ya yi tsit, ka cika tanki, ka kashe kwamfuresa, ka zuba wa geji ido da agogo a hannu. In allura na sauka alhali babu mai aiki, to ka bi layi da kunne da ruwan kumfa, kana shafa wa kowace mahaɗa da bakin tiyo. Inda ya yi ƙwai-ƙwai, ɗaura masa ƙyalle, gobe a gyara. Ranar da na fara yin wannan, kafa goma sha ɗaya na samu, ɗaya a bayan kabad ɗin da aka yi shekaru ba a matsar ba. Bayan haka ka duba matsin da kuke ajiyewa. Yawancin kayan iska bar 6 ya ishe su, kuma kowane bar guda da ka sauke yana rage wuta wajen kashi 7. A hana yara share benci da kakkaɓe riga da iska. Tsintsiya na nan, kuma iska tana cilla burbushi cikin ido.

Famfo da fanka kuma suna da wani sirri: in ka rage gudunsu da kashi 20 ta na'urar sarrafa gudu, wutar da suke sha takan sauka kusan rabi. Nan ne shawarar abokinka za ta yi amfani, ba a bakin wuƙa ba.

TAMBAYA: Ƙananan haƙoran nan da ake ɗaura wa wuƙa, in sun dushe zubarwa muke. Suna da wani amfani? (Daga wani matuƙin inji)

AMSA: Ƙanena, ɗauki ɗaya ka jinjina a tafin hannu. Ka ji nauyi? Ya kusa ninka na baƙin ƙarfe. Kabaid ne na tangsten da aka ɗaure da kobal, kuma kada ka haɗa shi da kabaid ɗin masu walda, suna ne kawai ya zo ɗaya. A Jamus aka ƙirƙiro shi a 1923, kamfanin Krupp ya fito da shi kasuwa da sunan Widia. Kusan kashi 80 na tangsten da ake haƙowa a duniya daga Sin yake, kobal kuma wajen kashi 70 daga Kwango. Haƙorin da ka jefar, ɗan bakinsa kaɗai ya ci, sauran jikin lafiyarsa ƙalau, kuma ana iya mayar da shi hoda a sake sabo. Masu ƙera su irin Sandvik suna sayen tsofaffi. Ka ajiye gwangwani daban, kada su shiga duron ƙarfe.

Kafin ya shiga gwangwanin, juya shi ka ƙirga kusurwoyinsa. Sau nawa na tsinci haƙori mai baki huɗu an ci biyu an yar. Kuma ka kiyayi wuce gudun da aka rubuta a kwalinsa: ƙarin kashi 20 a gudu yakan raba kwanan haƙori biyu. Na san yanzu na ce wa manaja a gama da wuri. Hanyar ita ce a ƙara zurfin yanka da tura wuƙa gwargwadon ƙarfin inji, su ba sa cin haƙori kamar yadda gudu ke ci.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibar injiniyanci ce. Muna karanta cewa ƙarfe na cikin manyan masu gurɓata iska a duniya. In haka ne, tattara ɓarɓashi da toshe kafar iska ba wasan yara ba ne? Ba gara a zubar da tsofaffin injina a sayi na zamani, a nemi takardar shaidar ISO ba? (Daga wata ɗaliba)

AMSA: 'Yata, karatunki daidai ne. Duniya na narka ɗanyen ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabi a Sin, kuma a matsakaici kowane tan yana fitar da kusan tan 1.9 na iskar kabon. Jimilla kashi 7 zuwa 9 na abin da ɗan Adam ke fitarwa ke nan. Dalili shi ne tama tana riƙe da iskar oksijin, kuma da gawayin kwal ake ƙwace ta. A Suwidin, kamfanonin SSAB da LKAB da Vattenfall sun haɗu sun gwada ƙwace ta da haidirojin, abin da ke fita ya zama tururin ruwa, har suka miƙa wa Volvo kashin farko a 2021. Abu ne mai kyau, amma har yanzu ɗigo ne a teku. Hanyar da ke aiki yau da yawa ita ce tanderun lantarki mai narka tsohon ƙarfe, wanda hayaƙinsa bai kama ƙafar na tama ba. To wannan tanderun me yake ci? Abin da ke cikin duron Alhajin da na amsa wa da farko. In duron ya gurɓace da jan ƙarfe, sai an sirka da sabon ƙarfe daga tama. Kin ga wasan yaran ya isa har bakin tanderu.

Batun zubar da tsohon inji, a nan na saba da malamanki in haka suka ce. Gadon injin sassaƙa tan ɗaya ne ko biyu na ƙarfen zubi, an riga an biya hayaƙinsa tun kafin a haife ki, kuma ya zauna ya daina motsi, abin da sabon zubi ke ɗaukar lokaci kafin ya yi. A kankare gadon a daidaita, a sauya boris, a sa sabon moto mai lambar IE3, wato mai tsimin wuta, a ɗaura ma'auni mai nuna lamba, sai ya sake wasu shekaru ashirin. Kamfanin Caterpillar tun 1973 yake karɓar tsofaffin injinansa yana sabunta su, kuma ba don tausayi yake yi ba. Inda nake yarda a sauya shi ne in injin ya kasa riƙe awo har yana ɓata kaya, ko aikin ya yi yawan da sabo zai gama a sulusin lokaci.

Takardar ISO 14001, wadda ta fito a 1996, shaida ce cewa kuna da tsarin lura da gyara. Ba ta cewa tankinku ba ya wari. Na shiga wurin da take rataye cikin gilashi a ofis, bayan katanga kuma baƙin mai na bin kwata. Duk da haka ki koye ta, don masu saye suna tambaya, kuma tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara neman lissafin hayaƙin ƙarfe da alminiyam da ake shigar mata da su. Wanda ya saba rubuta kilo da yunit a littafi, ranar da aka tambaye shi ba zai fafe gora ranar tafiya ba.

TAMBAYA: Muna goge alminiyam da baƙin ƙarfe a dutse ɗaya, ƙurar tana taruwa a buhu ɗaya. Tunda kun ce a riƙa tarawa, mu ci gaba? (Daga wani mai aikin gugar ƙarfe)

AMSA: A'a, Malam, ku tsaya yau ɗin nan. Ɓarɓashi daban, ƙura daban. Ƙurar alminiyam mai laushi in ta tashi a iska ta samu tartsatsi, fashewa take kamar albarushi. A watan Agustan 2014, a birnin Kunshan na ƙasar Sin, ƙurar gugar ƙafafun mota na alminiyam ta tashi da wata masana'anta, mutum 146 suka rasu. Haɗa ta da ƙurar ƙarfe mai tsatsa kuwa ya fi muni, domin wannan haɗin ne ake kunnawa a narka ƙarfe wajen haɗa layin dogo, ga kuma tartsatsin baƙin ƙarfe a kusa yana jiran aiki.

Ku raba dutse, ku raba buhu, ku raba lungu. A share ƙurar kullum da burushi mai laushi, har saman katako da bututu inda take kwanciya, kada a hure ta da iska. A zuba ta a gwangwanin ƙarfe a ajiye waje, inda ruwan sama ba ya taɓa ta, domin alminiyam mai laushi in ya jiƙe yakan yi zafi ya fitar da haidirojin. In ta kama wuta kada a watsa ruwa, ƙara mata ƙarfi zai yi. Busasshen yashi ake zubawa a hankali daga gefe har a rufe ta, ko abin kashe gobara mai harafin D. Ku ajiye bokitin yashin kusa da dutsen, da murfi a kansa don kada ya sha danshi.